Ga waya, ga kyamara: me ya sa har yanzu ake zana karkara da buroshi?

Me ya rage wa mai fenti da buroshi a gona, tunda wayar hannu na ɗaukar hotonta kafin ƙiftawar ido, manhajar ƙirƙirarriyar basira kuma na fito da ƙauye da rumbu da faɗuwar rana daga jimla ɗaya? Wannan tambayar ce ke tasowa duk lokacin da aka ji kuɗin da ake zubawa a kan zanen bishiyoyi. A watan Nuwamban 2016 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da zanen wani kurmi na gabashin Yorkshire a Ingila a kan dala miliyan 11.7 a birnin New York. Mai zanen, David Hockney, shi ne aka shirya wa baje koli mai ɗauke da ayyuka sama da 400 a Paris a 2025, kuma kaso mai tsoka na ayyukan gonaki ne da hanyoyin ƙauye da itatuwa. Wasu na ganin biyan irin wannan kuɗi tsabar almubazzaranci ne. Wasu na ɗaukar irin wannan zane a matsayin adon falo na masu kewar ƙauye. Duka ɓangarorin suna tsallake abin da aikin ya ƙunsa.

Me ake nufi da zanen karkara na zamani?

Zane ne da filin kansa shi ne jigo: gona, kurmi, fadama, hanya, sararin sama. Idan akwai mutum ko dabba a ciki, ƙanana ne, suna nan ne don a gane girman wurin. Kiran sa na zamani na nufin masu zanen wannan ƙarni ne ke yin sa, kuma karkarar da suke kallo ita ce ta yau, mai turakun lantarki da tarakta da ledar taki a gefen kunya. Mai zanen da ya goge duk waɗannan don ƙauyen ya yi kama da na kakanni yana zana tunaninsa ne. Wannan ma sana'a ce, tana da kasuwa, amma wani abu ne daban.

Akwai kuma bambancin wurin aiki. Wani yana fita fili ya kafa kanbas ɗinsa, wato ƙyallen da ake zane a kai, a gaban abin da yake zanawa, wani yana tara ƙananan zane-zane da hotuna ya koma ɗaki. Yawancin ƙwararru suna haɗa biyun.

Daga ina abin ya taso?

Fita fili da fentin mai bai zama abu mai sauƙi ba sai bayan 1841, lokacin da wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matse fenti daga cikinsa. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙulle fenti, a huda ta in za a yi aiki, abin da ya rage ya bushe ko ya zube. John Constable, wanda Ingila ke tinƙaho da shi, ya zana shahararren aikinsa na keken doki a cikin kogin Stour a ɗakin aikinsa na Landan a 1821, daga ƙananan zane-zanen da ya yi a Suffolk. A wannan shekarar da wadda ta biyo bayanta ya riƙa zana gajimare kaɗai a unguwar Hampstead ta Landan, yana rubuta rana da lokaci da inda iska ke kaɗawa a bayan takardar. Claude Monet a Faransa ya zana tarin damman hatsi na gonar maƙwabcinsa kusan sau 25 tsakanin 1890 da 1891, wuri ɗaya, haske daban-daban.

Abin lura shi ne an sanar da fasahar ɗaukar hoto tun 1839. Wato mafi yawan wannan ci gaba ya faru ne kyamara tana nan. A ƙarni na 20 ne manyan gidajen adana zane suka juya wa zanen fili baya, suka karkata ga zanen da ba ya kwaikwayon komai na zahiri, aka bar gona da bishiya ga masu yin zane don nishaɗin ƙarshen mako. Shi ya sa komawar Hockney gona ta ja hankali. An haife shi a Bradford a 1937, ya yi suna da zanen wuraren ninƙaya na Los Angeles, sai ga shi wajen 2005 ya tare a garin Bridlington na bakin teku, yana fita kullum da mota cike da kanbas zuwa tuddan da ya yi ƙwadagon girbi a cikinsu yana saurayi.

Bishiyoyin Warter: kanbas 50, zane ɗaya

Aikin Hockney mafi girma na wannan lokaci shi ne Bigger Trees Near Warter, wato manyan bishiyoyi kusa da ƙauyen Warter. Tsayinsa kusan mita 4.6, faɗinsa kusan mita 12.2, an haɗa shi daga kanbas 50, layi biyar, goma a kowane layi. Kowane ɗaya bai wuce santimita 92 a 122 ba, girman da mutum zai iya sa wa a mota ya kuma riƙe a fili in iska ta taso.

Matsalar farko lokaci ce. Ya so bishiyoyin tsirara, rassa na tsaga sararin sama, don haka dole a gama kafin su yi toho. Aikin ya gudana ne cikin 'yan makonni na Fabrairu da Maris ɗin 2007. Matsala ta biyu ita ce ba shi da bangon da zai ɗauki duka 50 a lokaci guda, ga shi reshen da ya fita ta gefen kanbas ɗaya dole ya shiga na kusa da shi daidai wurin, da kauri ɗaya da launi ɗaya. Maganin da suka samu: yana zana kaɗan-kaɗan a fili, mataimakinsa yana ɗaukar hoton kowane ɗaya, a jera su a kwamfuta, a buga, a duba inda rassa suka saɓa, gobe a koma a gyara. An nuna aikin a cibiyar zane ta Royal Academy a Landan a 2007, ya ba gidan adana zane na Tate kyautarsa a 2008.

Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa mai zanen fili yana gaba da na'ura. A 2011 ma ya zana shigowar lokacin toho a hanyar Woldgate sau 51 a kan iPad, saboda saurin da na'urar ke ba shi: ba jiran bushewa, ba wanke buroshi, ana iya aiki daga cikin mota in sanyi ya yi tsanani. Furen wata ƙaya da ke cika shingayen gonakin yankin bai fi kwana goma yana tsaye ba, wanda ya yi jinkiri sai baɗi. Bayan ya koma Normandy a Faransa a 2019, ya haɗa zane-zanen iPad na shekara guda ya zama doguwar shimfiɗa mai kimanin mita 90, mai kallo yana tafiya a gefenta daga hunturu zuwa hunturu.

Abin da kyamara ke yi wa gona

Kyamara ido ɗaya ce, a tsaye wuri ɗaya, cikin ɗan guntun daƙiƙa. Mutumin da ke bakin gona idonsa biyu, kansa yana juyawa, yana duban ƙafarsa, ya ɗaga ya dubi tudu, ya koma kan reshe. Gilashin kyamarar waya mai faɗin gani ne, yana kumbura abin da ke kusa yana ƙanƙantar da na nesa, shi ya sa dutsen da ya cika maka ido yake fitowa ɗan ƙulli a hoto. Sannan ido yana sake daidaita kansa duk inda ya sauka. In ka dubi inuwar tsamiya za ka ga shuɗi da shunayya da jan ƙasa a cikinta. A hoto sau da yawa baƙi ce kawai, ko kuma manhajar wayar ta haskaka ta har ta daina zama inuwa.

Saboda haka zanen da aka kwafa kai tsaye daga hoto yana da alamomi da masana ke ganewa nan take: inuwa baƙa wuluk, sama fara fat, kowane ganye da kaifi ɗaya tun daga gaba har ƙarshen gani. Zanen da aka yi a fili tarin kallo ne na sa'o'i, mai zanen ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai zubar. A ganina wannan zaɓin shi ne abin da ake saya. Ko ya kai dala miliyan 11.7, wannan kuma zancen kasuwar attajirai ne, wadda suna ke tuƙa ta fiye da ƙwarewa.

Yadda ake aikin, da inda yake lalacewa

Ana farawa da shimfiɗa. Kanbas ɗanye yana shan mai, man kuma yana cin zaren a hankali, don haka ana shafa masa farin share fage sau biyu ko uku, a bar kowane shafi ya bushe, a ɗan goge da sanfefa. Da yawa suna ƙara siririn shafi na launin jan ƙasa, saboda farin kanbas a rana yana kashe ido, kuma duk launin da aka ɗora a kansa sai ya yi kamar ya fi duhu.

Kafin a taɓa fenti, ana yin ɗan zane da fensir wanda bai wuce tafin hannu ba, a yanke shawara biyu: ina layin da sama ta haɗu da ƙasa zai zauna, kuma ina ne mafi haske da mafi duhu. Layin in ya raba kanbas biyu daidai, zanen yakan mutu. Ko dai a ba sama kashi biyu cikin uku, ko a ba ƙasa. Game da haske, ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ita ce sama ta fi komai haske, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da rana ke duka daga sama, sai gangaren tudu, sai abin da ke tsaye kamar bishiya da bango, su ne mafi duhu. Wanda ya rikita wannan jeri, ko launukansa sun yi kyau, filin ba zai kwanta ba.

Launuka shida sun isa: fari, rawaya mai haske, rawaya mai ruwan ƙasa, jan ƙasa, ja, da shuɗi mai zurfi. Babu kore a jerin, kuma da gangan ne. Koren da ake matsowa daga bututu ya fi na kowace shuka ƙarfi, in aka shafa shi yadda yake sai gonar ta koma kamar tabarmar roba. Ana haɗa kore ne daga shuɗi da rawaya, a karya shi da ɗigon ja ko jan ƙasa, kuma a haɗa aƙalla iri uku ko huɗu, don ganyen da rana ta ratsa ta bayansa rawaya-rawaya ne, wanda ke fuskantar sama yana ɗaukar shuɗi, na cikin inuwa kuma ya kusa ruwan toka.

Nisa ma da launi ake gina shi. Iskar da ke tsakanin mai kallo da abu tana rage ƙarfin launi, tana kusanto haske da duhu, tana dushe gefuna. A Ingila tudun nesa yana komawa shuɗi-shuɗi. A ƙasar Hausa lokacin hunturu hazo ne ke wannan aikin, kuma yana mayar da nesa fari-fari mai ruwan ƙasa, cikin tazarar da ba ta kai ta can ba. Ɗalibin da ya koyi zane daga littattafan Turai yakan zuba shuɗin tudu a bayan gonar Disamba, ya rasa dalilin da ya sa zanen bai yi kama da gida ba.

Sai rana. Tana matsawa digiri 15 a kowace sa'a, don haka bayan kamar sa'a biyu inuwar da aka fara da ita ta sauya wuri da tsawo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin inuwa ana gyarawa, a ƙare da zanen da hasken safe ke gefe ɗaya na azahar ke ɗaya gefen. Ana kafa inuwoyi ne a rubu'in sa'ar farko, a bar su, in lokaci ya ƙure a naɗe kaya a dawo gobe daidai wannan lokacin. Kuma kanbas da farantin haɗa launi su kasance a inuwa. Wanda ya yi aiki rana na dukan kanbas ɗinsa zai riƙa duhunta launuka ba tare da ya sani ba, sai ya shiga ɗaki ya ga zanen ya yi kamar na magariba.

Fentin mai yana da dokarsa: shafin ƙasa siriri, an tsinka shi da tafentin, wato ruwan tsinka fenti, na sama ya fi kauri, ya fi mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan watanni ko shekaru fuskar zanen ta tsattsage. Launukan ƙasa kan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, fari da rawaya mai haske na iya kai mako ko fiye, kuma ba a shafa banish, wato shafin ƙarshe mai kare zane, sai bayan kamar wata shida. Masu tsinka fenti da kananzir don arha suna samun zanen da ke jinkirin bushewa, launinsa kuma ya dushe. Fentin akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, kishiyar haka ne: a zafin Maris yana iya bushewa a kan buroshi cikin 'yan mintuna, kuma yana ƙara duhu in ya bushe, sai an riƙa fesa wa farantin ruwa ana haɗa launi da ɗan haske fiye da yadda ake so. Ƙurar hunturu kuwa in ta kwanta a ɗanyen fentin mai ta zauna ke nan, shi ya sa ake jingine zanen fuskarsa na kallon bango, a ɗan karkace.

Ina manomin yake?

Sukar da ta fi nauyi a kan wannan fanni ba ta shafi fenti ba. Tun zamanin Constable ake yin ta. Ɗan mai injin niƙa ne mai hali, ƙauyen da ya zana kuma a natse yake, alhali a shekarun nan ma'aikatan gona na kudanci da gabashin Ingila suna cikin yunwa da ƙarancin lada, har ta kai su ga farfasa injinan sussuka a 1830. Mai sayen zane ɗan birni ne, yana son karkarar da zai huta da kallonta. Mai zane ya san haka. Sai a sami gona ba manomi, ko manomi ba gumi.

An yi wa Hockney irin wannan suka. Baje kolinsa na Royal Academy a 2012 ya ja mutane sama da 600,000, amma wasu masu sharhi sun ce launukan sun yi ƙara, ayyukan sun yi yawa, suna maimaita juna, kuma da wuya ka ga ɗan Adam a cikinsu. Zargin maimaici yana da ƙamshin gaskiya, don ba duk zanen iPad ɗin ne ya cancanci bango ba. Na rashin manomi kuwa bai kama shi sosai ba. Ya zana gungumen katako da aka sare aka jibge a bakin hanya, da sawun tarakta, da gonaki bayan girbi. Aikin hannun mutum yana ko'ina a ciki.

Masu kare fannin suna kawo hujjar tarihi. A 2009 an sare wani kurmi kusa da Warter da Hockney ya riga ya zana a yanayi biyu yana shirin komawa ya cika sauran. A 2012 wasu suka sare kututturen da ya sha zanawa a Woldgate. A wannan shekarar ce kuma aka tabbatar da ɓullar wata cutar naman gwari da ke kashe ɗaya daga cikin bishiyoyin da suka fi yawa a shingayen gonakin Birtaniya. Zanen da aka yi da rana da wata a rubuce ya zama shaidar yadda wurin yake. Mutanen yankin sun sami baƙi masu zuwa neman wuraren da aka zana, masu masauki da gidajen abinci sun ɗan amfana. Manomin da aka zana gonarsa dai ba shi da kaso a kuɗin gwanjo.

A nan gida fa?

Abu biyu ne ke haɗa wannan batu da mai karatu Bahaushe. Na farko addini. Iyaye da yawa suna hana yaro zane baki ɗaya, suna ganin duk hukuncinsa ɗaya. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas neman fatawa, ya gargaɗe shi a kan surar abu mai rai, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Saɓanin malamai yana kan mutum da dabba. Gona da dutse da fadama da rumbu suna cikin abin da aka yi sassauci a kansa.

Na biyu, akwai makaranta. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana cikin mafi daɗewa a Najeriya, a can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, tun makarantar tana kwaleji kafin ta zama jami'a, suna neman zanen da zai tsaya a kan abin gida. Duk da haka zanen ƙauyen da ake sayarwa a harabar otal da bakin titi kusan guda ɗaya ne ake ta juyawa: bukka uku, kuka ɗaya, mace da tulu, jar rana. Ana gane wanda aka zana daga ka. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi toho da rani, kuka kuma akasin haka. In ka ga gawo ya yi luf da ganye a tsakiyar koren gero, mai zanen bai je gonar ba. Koren gero ma daban yake da na dawa da na masara, kuma inuwar azahar a nan tana taruwa ne a gindin bishiya, shi ya sa masu fita fili suke zaɓar hantsi ko bayan la'asar.

Ga mai son saye

Yanzu ana buga hoto a kan kanbas da inji, a shafa masa wani abu mai sheƙi da buroshi, a sayar a matsayin aikin hannu. A riƙe zanen a karkace ga haske: a aikin hannu tudun fenti yana bin siffar abin da aka zana, a na bugu shafin yana tafiya ko'ina ba ruwansa da reshe ko gajimare. Gilashin ƙara girma zai nuna ƙananan ɗigogi in inji ne. A duba gefuna da bayan kanbas, inda ɗigon fenti da sawun yatsa ke zama. Bugu ba laifi ba ne in an faɗa; zane-zanen iPad na Hockney da ake sayarwa bugawa ake yi, amma a ƙayyadadden adadi, kowane kwafi da lambarsa da sa hannunsa. A tambayi mai zanen wane wuri ne, wane wata, wane lokaci na rana, a kuma nemi ya rubuta a baya. In an kai gida, kada a rataye shi inda rana ke duka ko a bangon da ke tsatsafo da damina, kuma ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake kakkaɓe ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.